Kaskon da bai taɓa ganin wuta ba

Ranar wata Alhamis da daddare, a samistar da ta wuce, na kusa zama sanadin gobara a hostal ɗinmu, alhali ba na ma cikin ɗakin da abin ya faru. Wata ƙanwarmu 'yar ND I ce ta sayi kaskon turaren wuta a hannuna, naira dubu biyu da ɗari biyar. Fari ne tas, na zana masa layin ruwan gwal a baki, na rubuta sunanta a gefe. Ni na ƙera shi da hannuna, da yumɓun nan na leda wanda ba a gasawa, iska ce kawai ke busar da shi. Ta samo garwashi wajen mai gasa masara a bakin get, ta zuba, ta ɗora turarenta, ta juya tana ninke kaya. Ba a yi minti biyar ba fentin ya fara tafasa yana ƙwai-ƙwai, hayaƙi ya koma baƙi, ɗaki ya ɗauki wari kamar ana ƙona taya. Kafin ta ankara gindin kaskon ya dare gida biyu, garwashi ya zube a kan ledar ɗaki, tazarar taku ɗaya da katifa. Allah Ya sa 'yar ɗakinsu na riƙe da fiya wata, ta fasa ta watsa.

Da safe ta zo ɗakinmu da gutsattsarin a baƙar leda. Ba ta yi faɗa ba, wallahi da ta yi faɗan ma ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Anti, ga kaskonki." Na mayar mata da kuɗinta, na biya kuɗin ledar da ta ƙone, na kwashe sauran guda shida da na yi niyyar sayarwa na tura ƙarƙashin gado. Suna nan har yau.

Na kawo wannan labari ne don kada wani ya ce ina magana daga gefe. Tun da bidiyoyin ƙera kaya da wannan yumɓu suka cika TikTok da Instagram, kusan kowane bulo a hostal akwai mai yi. Wasu sun ɗauke shi a matsayin sana'ar da za su gabatar a kwas ɗin EED, madadin sabulun ruwa da man shafawa da kowa ya gaji da su. Ni ina cikin masu murna da hakan. Abin da nake ja a kai guda ne: mu daina sayar da shi da sunan abin da ba shi ba. A status ɗin WhatsApp na ga kofin shayi, na ga farantin cin abinci, na ga kwanon sha, na ga kasko irin nawa, duk an yi su da yumɓun da bai taɓa shiga wuta ba, ana tallarsu ba tare da ko kalma ɗaya ta gargaɗi ba. Mai saye kallon kitse yake wa rogo, mu kuma masu sayarwa mun yi shiru saboda alat ya shigo.

Bari in fara da abin da ke cikin ledar, don da yawanmu muna murza shi kullum ba mu taɓa tambaya ba. Na kanti, irin su DAS da ake shigowa da shi daga waje, haɗi ne na garin ma'adinai mai laushi da zaren takarda da wani abu mai danƙo da ke riƙe su. Na gida kuwa, wanda yawancinmu muke dafawa a kan risho saboda na kantin ya yi tsada, ko ƙwayar ƙasa babu a cikinsa: kofi ɗaya na sitacin masara, kofi ɗaya na farin gam ɗin kafintoci irin Top Bond, cokali biyu na man jarirai, cokali biyu na ruwan lemon tsami, a tuƙa a wuta kaɗan-kaɗan har ya haɗe kamar tuwo. Wato abin da muke kira yumɓu, gam ne da sitaci. Da na tsaya na yi wannan tunanin tun farko, ai ba sai an gaya mini cewa ba a ɗora garwashi a kan gam ba.

To ko da yumɓun gaske ne, na bakin rafi, bushewa daban, gashi daban. Wata ƙawata 'yar SLT ce ta warware mini wannan bayan abin ya faru, tana yi tana mini dariya. Ruwa iri biyu ne a jikin yumɓu. Akwai ruwan kwaɓi, wanda ke tsakanin ƙwayoyin ƙasar, shi ne iska ke kwashewa cikin kwana ɗaya zuwa uku har abu ya yi tauri. Akwai kuma wanda yake ɗaure a cikin ginin ƙwayar kanta, shi ba ya fita sai zafi ya kai wajen digiri 450 zuwa 600 a ma'aunin Salshiyas. Idan wannan na biyun ya fita, yumɓu ya tashi daga ƙasa ya zama wani abu dabam, kuma ba ya komawa. Shi ya sa za ki tsinci katangar tukunya a kufai, ta shekara ɗari a ƙasa damina na dukanta, ba ta narke ba. Abin da iska ta busar kuwa, ko ya yi taurin dutse a hannu, jiƙa shi kawai, zai koma inda ya fito. Duk mai shakka ya ɓalli gutsure ya jefa a kofin ruwa kafin ya tafi lakca. In ya dawo ya ba mu labari.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Wa bai ƙera shanun laka ba yana yaro, ya shanya a kan katanga, ruwan farko ya mayar da su taɓo? Gidajen kakanninmu da tubali aka gina su, ƙasa ce aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana. Ganuwar Kano haka take, rumbun hatsi haka yake. Amma maginan da suka yi su sun san iyakar kayan aikinsu sarai. Shi ya sa ake yaɓe kafin damina, ake shafa makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa, gidan masu hali kuma a yi masa laso da katsin marina, a sa indararo ya kai ruwa nesa da bango. Rumbu ana ɗora shi a kan duwatsu, a kifa masa jinka. Ba wanda ya taɓa ɗebo ƙasar tubali ya ce zai yi randa da ita ya shanya a rana ya zuba ruwa. Randa da tulu da tukunyar miya da tanda da kaskon wuta, aikin magina tukwane ne, kuma sai sun kwana cikin wutar kara da itace kafin su je kasuwa. Mutanen da ba su yi ND ba sun raba aikin gida biyu, mu masu karatun fasaha muka zo muka cakuɗa saboda mun gani a waya.

Na san wani zai ce, ai murhun laka ba a gasa shi, ga shi kuma kullum cikin wuta yake. Gaskiya ne. Sai dai murhu laka ce zalla, mai kauri, babu gam, babu fenti, babu man ƙyalli, kuma wutar girkin ce ke gasa cikinsa a hankali. In ya tsage a liƙe da sabuwar laka, ba wanda ya yi asara. Kuma a tsakar gida yake, ba a gefen katifar soso ba.

Hujjar da na fi ji daga masu sayar da kofi da faranti ita ce sun shafa banish sau uku, ruwa ba ya shiga. Na yi wannan gwajin ni ma. Banish fata ce siririya a saman abu mai shan ruwa. Cokali ya karce ta sau ɗaya, ko ruwan zafi ya sa ta yi laushi, ko akwai wani ɗan rami a gindi da burushi bai kai ba, shi ke nan, ruwa ya samu ƙofa. Daga nan abin zai fara kumbura ta ciki, fenti ya ɗago, wata rana hannun kofin ya rabu da kofin alhali shayi na ciki. Kafin a kai nan ma, me mutum yake sha tare da shayin? Banish ɗin da muke saya a shagon kayan gini don katako aka yi shi, ba don baki ba. Rubutun da ke jikin ledar yumɓu cewa ba shi da guba, ma'anarsa ba zai cuce ka ba in ka murza shi da hannu. Ba izini ba ne na zuba kunu a ciki. Masu cewa su resin suke zubawa, su ma su duba gwangwanin da kyau: ba kowane iri ne aka yarda ya taɓa abinci ba, wanda aka yarda ɗin ma sai an auna haɗinsa daidai ya bushe sarai, kuma mafi yawa ba sa son zafi. Mu da muke awo da murfin kwalba a hasken tocilan waya, wa zai rantse a kan haɗinsa?

Yanzu kada a ce na zo kashe wa mutane kasuwa. Ni ma ban daina ba, kuma cikin ikon Allah da shi nake biyan kuɗin handawut da data. Akwai kaya da yawa da wannan yumɓu ya dace da su ƙwarai, duk abin da zai zauna a busasshen wuri, ba ruwa, ba wuta, ba abinci. Ɗan faranti na ajiye makulli a bakin ƙofa, wanda duk ɗakin da ke da mutum huɗu da makulli ɗaya ya san darajarsa. Mazubin 'yan kunne da zobe da fil ɗin hijabi. Mazubin biro. Mazaunin waya don kallon lakcar da aka turo ko kiran bidiyo da gida. Wurin ajiye carbi. Firam ɗin ƙaramin madubi. Allon suna na ƙofa. Waɗannan ba wanda zai dawo miki da su a baƙar leda, in dai kin yi aikin da kyau.

Yin aikin da kyau kuwa yawancinsa haƙuri ne, kuma yanayin garinmu ne ke ba da umarni, ba matar da ke cikin bidiyo ba, wadda ke zaune a ƙasar da ba ta san hunturu irin namu ba. Da hunturu iska na zuƙe ruwan sama-sama cikin 'yan awoyi alhali ciki na ɗanye, sai baya ya tsuke ya tsage, faranti ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Maganinsa a shanya a inuwa, a yafa leda sako-sako a daren farko, a riƙa juya shi safe da yamma. Kada a kai shi rana, kada a sa a gaban fanka don ana sauri. Da damina kuma akasin haka: abin da ake cewa kwana biyu sai ya kai biyar, na sitaci har fumfuna yake yi in ɗakin ba iska. In kin taɓa shi da bayan hannu kin ji sanyi, bai bushe ba, ko da ya yi fari. Wanda ya yi fenti a kan ɗanyen ciki ya kulle ruwa a ɗaki ne, zai nemi hanyar fita da kansa.

Kauri ya zama ɗaya ko'ina, wajen rabin santimita. Ni biro biyu nake ajiyewa hagu da dama in murza da kwalba a kansu, sai faɗin ya fito daidai. Inda za a haɗa gaɓa biyu, a karce fuskokin da tsinken sakace, a shafa ɗan yumɓun da aka dama da ruwa, sannan a manna. In aka liƙa haka nan kawai, ranar da ya bushe zai rabu. Ga kuma wani kuskure da ya cinye mini leda guda cur: na naɗe yumɓu a jikin gwangwanin madara don in yi mazubin biro, na bar shi ya bushe a haka. Yumɓu na tsukewa in yana bushewa, gwangwani ba ya tsukewa, sai ya tsage daga sama har ƙasa. Yanzu takarda nake naɗa wa gwangwanin ninki uku, in zare shi tun abin bai gama ƙamewa ba. Haka ma mai son tulun fure: ta yi rigar da yumɓu, ta ɗan fi kwalba faɗi, ruwan ya zauna a kwalbar da za a iya cirewa. Gugar sanfefa a yi ta a waje, a rufe hanci, don ƙurar ba ta huhu ba ce. Na sitacin kuma a shafe shi da banish har gindi, in ba haka ba kyankyasai da ɓerayen hostal za su ɗauka walima aka shirya musu. Sun taɓa cinye mini harafin farko na sunan wata amarya.

Tunda akanta nake karanta, bari in sa baki a lissafi kaɗan. Ba za mu taɓa yin gasa da roba a wajen araha ko ƙarko ba. Kofin roba na kasuwa ya fi namu sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ya faɗi ba ya fashewa, a wanke shi shekara biyar. Wanda ya sayi namu ba don ya rasa mazubi ba ne, ya saya ne don sunansa na jiki, ko launin ya dace da ɗakinta, ko kyauta za a kai wa ƙawa. Ke nan jarinmu na gaske shi ne a yarda da mu, a kuma faɗa wa wata. A makarantar da labari ke zaga hostal kafin a idar da sallar isha'i, kofi ɗaya da ya narke a hannun mai shi ya isa ya rufe kasuwar mutum goma. Ni na gani: wata guda cur bayan kaskon, ko mazubin makulli ba wanda ya tambaye ni. Balle kuma abin da duk muka sani tun daga Islamiyya, kuma 'yan uwanmu Kirista ma haka aka koya musu, cewa ɓoye aibin kaya ha'inci ne. Rashin sani ya wanke ni a karon farko. Bayan na sani fa?

Akwai mutum biyu da nake so mu riƙa tunawa duk lokacin da muka buɗe ledar nan. Na farko malamin kwalejin fasaha ne irin tamu, Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a ta jihar Jigawa da ke Dutse, kuma daga gidan magina tukwane ya fito. Ya ɗauki tukwane biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa na tsattsafowa ta jikin tukunyar waje, iska na kwashe shi tare da zafi, sai kayan miyan da ke lalacewa cikin kwana uku su kai makonni, ba NEPA ba janareta. Wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ku lura da abin da ya sa ya yi aiki: tukunyar gasasshiya ce, don haka ba ta narkewa, kuma ba a shafe ta da komai ba, don haka tana numfashi. Yumɓunmu na leda ya faɗi jarrabawar ta fuska biyu: in ba a shafe shi ba ya narke, in an shafe shi ya toshe.

Ta biyu tana cikin jakar kowa, a bayan naira ashirin: Ladi Kwali. Ta iya ginin tukwane irin na Gbagyi tun tana yarinya, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a can. A nan aka riƙa shafa wa manyan tulunanta ruwan gilashi ana gasa su a wuta mai tsananin zafi. Suka yi kyau har aka kai su nune-nune a Landan, amma suka yi nauyi, jikinsu ya toshe, ba sa sanyaya ruwa kamar tulun gida. Sun tashi daga kayan ɗaki sun koma kayan kallo, kuma da sunan kayan kallo aka saye su. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. In har tulun Ladi Kwali yana da aikin da ya iya da wanda bai iya ba, ina ga ɗan farantina na gam da sitaci?

Don haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, musamman daraktan walwala da kwamitin da ke raba tebura a makon ɗalibai. Kuna karɓar kuɗin tebur, to ku ɗora sharaɗi ɗaya a kai: duk kayan yumɓun da ba a gasa ba ya zo da 'yar takarda a manne, da Hausa da Turanci, cewa ba na ruwa ba ne, ba na abinci ba, ba na wuta ba. Kofi da faranti da kasko da mazaunin kyandir ko na igiyar leƙo da aka yi da shi kuwa, kada a bari su hau tebur sam. Ba sai an kafa kwamiti an yi zama uku da lemo ba, layi biyu ne a jikin fom.

Roƙo na biyu ya fi wannan girma, kuma na san ba zan ci moriyarsa ba tunda saura mini 'yan watanni. Duk ranar kasuwa akwai matan da ke kawo randa da kasko da asusu daga ƙauyukan da ke kewaye da mu, muna wuce su a Keke Napep muna kallon waya. Me zai hana cibiyar koyon sana'a ta gayyato ɗaya daga cikinsu, a biya ta kamar yadda ake biyan duk wani mai koyarwa daga waje, ta nuna mana yadda ake zaɓen ƙasa, da abin da ake haɗa mata don kada ta fashe a wuta, da yadda ake jera tukwane a gasa? Muna da 'yan injiniya da ke neman furojet kowace shekara, suna ta maimaita injin ɓarzar gyaɗa. Ga ƙaramin gidan gashi na bulo yana jiran wanda zai zana shi. Muna da 'yan SLT da za su iya auna zafi da ingancin ƙasa. Mu masu zane da fenti mun riga mun iya abin da 'yan mata ke so su gani a ɗakinsu. Abin da ya rage wuta ce kawai.

Ni dai na riga na fara nawa. Makon jiya na je wajen wata dattijuwa mai tukwane a kasuwa, na ce, "Baba, in na kawo miki zane za ki yi mini kasko goma irinsa?" Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce ƙafar ta yi siriri, za ta karye a wuta, sai dai ta ƙara mata kauri. Na ce ta ƙara. Ta ce in dawo bayan kasuwa biyu. A makon ɗalibai za ku same ni kusa da ƙofar laburare: kaskonta a hannun dama, jajaye, ba fenti a cikinsu, mazuban makullina a hagu kowanne da takardarsa, a tsakiya kuma kofin ruwa da ɗaya daga cikin shidan nan na ƙarƙashin gado a jiƙe a ciki, don mai son ya taɓa da yatsa.